Zauren Malam da Lesin Yamma: Awo Daga Ƙasar 'Yandoto

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, duk uban da ke da yaro a makarantar boko ya san kuɗin lesin. Wani lokaci yakan zo a rubuce ƙarƙashin kuɗin makaranta, wani lokaci kuma yaro ne zai kawo saƙon da baki, yana tsaye da jaka a baya: malam ya ce wanda bai kawo ba kada ya zauna. Iyaye sun rabu a kan wannan al'amari. Akwai masu ganin lesin wata dabara ce da malaman boko suka ƙirƙiro don tatsar talaka. Akwai masu ganin shi ne maganin kowace faɗuwa, har suna jin in dai an biya, to cin jarrabawa ya zama dole. Akwai kuma masu ɓoye cewa ɗansu na zuwa lesin, don kada a ce daƙiƙi suka haifa. Dukkansu suna magana kamar zaunar da yaro shi kaɗai a koya masa baƙon abu ne da ya shigo mana tare da boko. Alhali ƙasar nan ta san malami ɗaya da ɗalibi ɗaya, gwiwa da gwiwa, ɗaruruwan shekaru kafin a rataya allon bango na farko a Arewa. Muna da mudun kanmu da za mu auna lesin da shi, wato karatun zaure.

Kusa da Tsafe, a kan hanyar Gusau, akwai 'Yandoton Daji. Yau matafiyi na iya wucewa ta garin bai waiwaya ba, amma a ƙarnonin baya yana cikin manyan cibiyoyin ilimi na ƙasar Hausa. Yana kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, Wangarawa 'yan kasuwa da malamai sun zauna a cikinsa, kuma yana ƙarƙashin daular Katsina. Ruwayar Katsinawa ta ce Muhammadu Korau, wanda ya kayar da sarki Sanau ya zama sarkin Katsina Musulmi na farko a ƙarni na 15, mutumin 'Yandoto ne. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya ba garin muhimmanci a littafinsa na tarihin Katsina. Da jihadi ya zo, mafi yawan malaman garin ba su bi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba, kuma wajajen 1805 zuwa 1806 rundunar ɗansa Muhammadu Bello ta ci garin, malamai suka watse. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, daga 'Yandoto ya taso, shi kuwa almajirin Shehu ne. Har yau sarkin Tsafe 'Yandoto ake ce masa, na Gusau kuma Sarkin Katsina.

Abin da ya ɗaukaka garin ba gini ba ne mai ajujuwa da ƙararrawa. Kamar a Katsina da Kano da Zariya, a gidajen malamai ake karatu, ɗalibi kuma shi ke neman malaminsa, ko da zai yi tafiyar wata guda a ƙasa. Ɓangarori biyun da suka yi sa-in-sa a kan jihadi, da wannan hanya ɗaya aka rene su. Shehu ya zauna kusan shekara biyu wurin malaminsa Usmanu Binduri, ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Ƙaninsa Abdullahi ya rubuta ɗan littafi, Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Har gobe in ka tambayi mutumin zaure inda ya yi karatu, sunan mutum zai faɗa maka.

Ga yadda abin yake, kuma yana nan a tsofaffin unguwannin Gusau bayan sallar asuba ko tsakanin la'asar da magariba. Malam na zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa a hannu, ba lallai ne kuma a sami biyu da littafi iri ɗaya ba. Wannan yana Ahalari, wancan ya kai Iziyya, ga mai Risala, ga dattijon da ya shekara yana fama da Muhtasar, ga matashin da ya zo don Ajurumiyya kaɗai. In layi ya zo kanka, sai ka matso gaban malam ka karanta da bakinka. Ka ja jumla, ya fassara ta da Hausa, ka ce na'am, ka ja ta gaba. In ka karya wasali ya tsayar da kai nan take. In ya ga fuskarka ta nuna ba ka gane ba, ya sake da wani misali. Shi ke yanke inda za ka tsaya yau, gwargwadon abin da ya ga kanka zai ɗauka: wani layi uku, wani shafi guda. Gobe kuma ba ƙari sai an biya na jiya. Haka ma a makarantar allo, ba a wanke allo sai yaro ya biya abin da ke kai ba gargada. Masu jiran layi kuwa ba zaman banza suke yi ba, kunnensu na ɗaukar karatun wasu. Mai Ahalari yana jin Risala tun kafin ya kai ta, mai Risala kuma ana tuna masa abin da ya baro a baya.

Shi kuwa abin da muke kira lesin, abubuwa ne daban-daban. Wanda ya fi yawa shi ne na makaranta: an tashi da ƙarfe ɗaya ko biyu, sai a ce kowa ya koma ya zauna har zuwa la'asar. Ajin nan dai ne, malamin nan, allon nan, da yaran nan da suka cika ɗakin tun safe. Ban da yunwa da gajiya ba abin da ya ƙaru. Sai lesin jarrabawa, wanda ke cika daga farkon shekara, lokacin da JAMB ta matso, WAEC da NECO na biye da ita: ɗaki ko rumfa ko ajin wata firamare da aka ara, matasa a cunkushe, ana bin tambayoyin shekarun baya ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma na gida, inda ake ɗauko malami, sau da yawa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ɗan bautar ƙasa, ya zo ya zauna da yaro ɗaya ko 'yan gida ɗaya su biyu ko uku. Wannan na ƙarshe ne kaɗai ya yi kama da zaure, shi ma in an dace da malami. Wuraren da ake biyan kuɗi mai tsoka don a rubuta wa yaro amsa ranar jarrabawa kuwa, ba na sa su cikin lissafi. Satar amsa ce, ko da an rubuta lesin a ƙofarsu.

Babban bambancin yana wurin wanda ke magana da wanda ke sauraro. A zaure ɗalibi ke karatu, malami na saurare. A aji, da lesin da ya kwaikwayi aji, malami ke magana yara na kwafa, in ya ce kun gane su amsa baki ɗaya. Cikin wannan amsa ta taro ne yaron da bai iya haɗa baƙi ba yake ɓuya, tun daga aji uku har ya kai ƙaramar sakandare, littafinsa cike da rubutu mai kyau wanda ba zai iya karanta maka shi ba. Masana a waje ma sun auna wannan. A 1984 wani malamin Jami'ar Shikago ta Amurka, Benjamin Bloom, ya wallafa sakamakon gwajin da ɗalibansa suka yi. Sun gano cewa yaron da aka koyar shi kaɗai, ana gwada shi a kowane mataki, ba a wucewa gaba sai ya ƙware, yakan fi kusan kashi 98 cikin ɗari na yaran da aka koyar a aji na yau da kullum. Binciken da ya biyo baya ya nuna tazarar ba ta kai haka girma ba a yawancin wurare, amma bai rushe asalin maganar ba. Abin lura shi ne sharuɗɗan: a ji yaro, a gyara masa nan take, kada a ƙara sai ya biya. A kansu zaure ya ginu, su ne kuma lesin makaranta ya rasa gaba ɗaya. Mai cewa lesin ba shi da amfani ya kalli na makaranta ya yi gaskiya. Mai cewa yana da amfani ya kalli na gida mai kyau, shi ma ya yi gaskiya. Kuskuren shi ne zaton cewa ƙarin awa kaɗai na koyar da yaro.

Daga nan za a ga rashin tushen zancen nan cewa lesin na daƙiƙai ne. Zancen ya cutar da yara da yawa, domin yakan sa uba ya jinkirta neman taimako har abin ya lalace, ko ya kai yaro da faɗa da zagi, yaron ya ɗauka horo ake yi masa. A zaure ba wanda ke jin kunyar zama gaban malam. Alƙali na zuwa, ɗan kasuwa na rufe shago ya zo, limamin unguwa ma yana da nasa malamin da yake kai wa littafi. Mai kaifin kai shi ya fi cin riba, domin ba a riƙe shi ya jira kowa. Yana iya sauke littafi uku kafin abokinsa ya gama ɗaya, ba kuma wanda zai ce abokin ya faɗi. Aji ba ya iya wannan. Manhaja ta ce a mako kaza a yi darasi kaza, malami ya bi tsakiya, na gaba ya gaji da jira, na baya ya ɓace, dukkansu biyu suna bukatar wanda zai zauna da su. Yawancin yaran da ake yi wa wannan laƙabi, wani abu ɗaya ne ya kuɓuce musu a baya, wataƙila lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da su, ko lokacin da iyali suka taso daga ƙauye saboda 'yan bindiga. Ko dai haɗa baƙi da wasali ne, ko ninkawa da rabawa a lissafi. Duk abin da aka ɗora a kai daga baya bai zauna ba. Malamin da zai koma baya ya nemo wannan gurbi ya cike shi, ya fi wanda zai maimaita darasin yau sau biyar.

Maganar kuɗi ita ta fi zafi, a nan kuma dole a yi wa kowane ɓangare adalci. Masu cewa malaman da ba sa karɓar komai, na yanzu ne suka san kuɗi, ba su faɗi gaskiya duka ba. Malamin allo na da kuɗin Laraba, yana da abin sauka, almajirai na taya shi noma. Malamin zaure ba ya yanka farashi, haka ne, amma jama'a na ɗauke da shi: zakka da damin hatsi in kaka ta yi, goron suna da na ɗaurin aure, kyautar attajiri da ta sarki, ga shi da gonarsa ko ɗinkinsa ko fataucinsa. Gari ne ke biya, shi ya sa ɗan talaka da ɗan mai kuɗi ke zama a tabarma ɗaya. Malamin boko na yau kuwa albashi gare shi, albashin da kowa ya san ba ya kai shi ƙarshen wata, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin komai ya tashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma malaman ƙananan makarantu masu zaman kansu da yawa ba sa ganin ko kusa da haka. Mutumin da ya ba da lokacinsa na yamma ya koyar don ya ciyar da iyalinsa bai yi laifi ba, halalinsa ya ci. Inda ɓarna take shi ne in malamin ajin shi ne mai lesin, yaran ajinsa su ne masu biya, kuma shi ne zai ba su maki. A nan ake samun wanda zai taƙaita bayani da safe ya ajiye cikon sai yamma, ko tambayoyin gwaji su riƙa fitowa daga abin da aka yi a lesin kaɗai. Ba kowa ke yin haka ba, akwai malamai masu tsoron Allah da ke zaunar da marayu kyauta. Amma tsarin kansa yana buɗe ƙofar son zuciya, ƙofar da babu ita a zaure, domin malamin zaure ba abin da zai samu in ya ɓoye rabin karatu.

Wasu na cewa gwamnati ta hana lesin kowa ya huta. An gwada a wasu ƙasashe. Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980, sai ya koma ɓoye, farashinsa ya tashi, masu hali suka ci gaba da yi a asirce, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin a 2000. Ƙasar Sin ta hana kamfanoni cin riba da koyar da darussan makaranta a Yulin 2021, manyan kamfanoni suka durƙushe, amma malaman gida ba su ɓace ba. Muddin akwai jarrabawar da ke raba wanda zai shiga jami'a da wanda zai zauna gida, iyaye za su nemi ƙari ko ta halin ƙaƙa. Abin da hukuma za ta iya, kuma ya kamata ta yi, shi ne ta hana tilasta lesin a cikin makaranta, ta hana malami karɓar kuɗi daga yaran ajinsa.

To amma kada son zaure ya rufe mana ido, akwai inda lesin ya fi shi nesa ba kusa ba. Zaure bai san agogo ba, mutum na iya shekara goma a littafi ɗaya ba wanda zai tambaye shi. Wannan falala ce ga dattijo mai neman sanin addininsa. Yarinyar da za ta zauna JAMB kuwa tana da ranar da aka yanka mata, darussa huɗu, maki 400, da awa biyu a gaban kwamfuta. Tun 2015 aka mayar da jarrabawar kan kwamfuta gaba ɗaya, ga shi kuwa akwai yaran ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da ba su taɓa zama gaban na'urar ba kafin lokacin rajista. A 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna a faɗin Najeriya, fiye da miliyan ɗaya ba su kai maki 200 ba. Lesin da zai sa yaro ya saba da na'ura, ya koya masa raba lokacinsa tsakanin tambayoyi, ya nuna masa salon da ake yin tambayar, ya yi aikin da zaure bai tanada ba. Sannan ƙarfin zaure yana ga abin da ake karantawa a fassara a riƙe. Lissafi da kimiyya kuwa sai yaro ya kama alƙalami ya warware da hannunsa, ya ɓata, ya sake. Ladabin zaure ma, duk da kyansa, yakan sa ƙaramin ɗalibi ya haɗiye tambayarsa don nauyin malam. Malamin lesin mai kyau shi ke jawo yaro ya tambayi dalilin kowane abu.

Akwai kuma abin da ya shafi Zamfara musamman. An rufe makarantu a Maris ɗin 2020 saboda korona. Ba a gama farfaɗowa ba aka sace 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ranar 26 ga Fabrairun 2021, aka rufe makarantun kwana. A Satumbar shekarar aka sake ɗibar ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya, ta yadda ko karatu ta intanet bai yiwu ba. A waɗannan watanni, yaran da karatunsu bai tsaya ba su ne waɗanda wani ya zauna da su a gida ko a zauren unguwa. Ga 'ya'ya mata abin ya fi nauyi, domin akwai iyayen da tun Jangebe ba su sake yarda 'yarsu ta kwana a makaranta ba. Malama mai shiga gida ta koyar ita ce kaɗai abin da ya rage wa irin wannan yarinya. Wannan ma muna da tushensa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan karkara ba za su iya zuwa zaure ba, sai ta horar da shugabannin mata da ake kira jaji su kai karatu har cikin gidaje, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A Gusau yau akwai Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya, ta mata zalla, tana yaye malamai waɗanda ba duka ke samun aikin gwamnati ba. Ga masu koyarwa, ga 'yan mata a zaune a gida, saura mai haɗa su.

Wani abin da lesin ya kamata ya ara daga zaure shi ne harshe. Littafin zaure da Larabci yake, amma ba malamin da ke jin fassara shi da Hausa ƙasƙanci ne, da ita ma ake gane zurfin iliminsa. Iyaye da yawa kuwa suna auna malamin lesin da yawan Turancin da ke fita bakinsa, har su gargaɗe shi kada ya yi wa yaro Hausa. Sai yaro ya haddace bayanin abu da Turanci tsaf, bai san abin da ake nufi ba. Shirin RANA da aka gudanar a Zamfara da Katsina da tallafin UNICEF ya koyar da yaran aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa, a firamare da makarantun allo da aka haɗa da boko, bisa abin da masana suka daɗe da tabbatarwa: yaro ya fi saurin iya karatu da harshen da yake ji, in ya iya kuma na biyun ya fi zo masa da sauƙi. Da Turanci za a yi jarrabawa, ba musu. Amma a fara fahimtar da yaro da Hausa, sannan a ɗora masa Turancin.

Duk da haka akwai iyakar da lesin ba zai tsallaka ba, ko da ya kai zaure kyau. Na kuɗi ne, don haka inda kuɗi suke nan yake zuwa. Ɗan ma'aikaci a Tudun Wada ko Samaru zai samu. Ɗan gudun hijirar da ke kwana a kangon gini a gefen Gusau ba zai samu ba, shi da ya fi kowa bukata. A 2018 jaridu sun ruwaito cewa yara 28 kacal suka yi rajistar jarrabawar shiga sakandaren gwamnatin tarayya daga duk faɗin Zamfara, lokacin da Legas ke da fiye da dubu ashirin. Wannan ba matsalar da malamin gida zai warware ba ce. A Nuwambar 2023 gwamnan jihar, Dauda Lawal, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, wanda ke nuna hukuma da kanta ta yarda ajin ne ba shi da lafiya. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Da za a kai ga haka, da malamin aji zai iya jin karatun kowane yaro ko sau ɗaya a mako, da yawancin lesin da ake biya bai zama dole ba. Abin da ke damuna shi ne masu hali da suka fake da lesin suka daina leƙa makarantar gwamnati ta unguwarsu. Su ne masu bakin da za a ji, in sun yi shiru ba mai yi wa ajin talaka magana. Garin da ya riƙe malamin zaure bai tambayi ɗan wane ne zai zauna a tabarmar ba.

Sai batun gajiya, wanda ba a cika kula da shi ba. Yaro ya fita boko da sassafe, ya zauna lesin, ya dawo ya canza kaya ya tafi Islamiyya, bayan magariba ga allo, ga aikin gida da aka ba shi. Asabar da Lahadi hadda, in an yi hutu kuma ga lesin hutu. Malaman allo sun ware Alhamis da Juma'a ba karatu, sun kuma san kai na da iyakar abin da zai ɗauka a zama ɗaya. Rabin awa da malami ya ba yaro shi kaɗai yana wartsake ta fi awa biyu yana gyangyaɗi a cikin taro.

A ganina, lesin da ya cancanci kuɗin uba shi ne wanda ya ɗauko darussan boko ya koyar da su yadda ake karatu a zaure. Don haka malam mai gida, da ke uwar yara, kafin ku sake biyan kuɗin wata, ɗayanku ya je ya zauna a lesin nan rana ɗaya. Ku ƙirga yaran da ke ciki. Ku saurara ko an kira ɗanku ya karanta da bakinsa ko ya warware lissafi da hannunsa, ku ga abin da malam ya yi da ya yi kuskure. Ku tambayi malamin inda yaron ya tsaya da abin da ke gagararsa, wanda ya san aikinsa zai faɗa muku ba tare da ya duba takarda ba. In kun dawo gida ku miƙa wa yaron littafin ajinsu, ku buɗe shafin da bai haddace ba, ya karanta, ya faɗa muku da Hausa abin da ya fahimta. Ko ba ku yi boko ba za ku gane mai gargada. In wata uku suka wuce bai motsa ba, ku canza malami. In kuma lesin na tilas ne a makarantar, ku kai maganar taron iyaye da malamai.